Yadda ake nuna wa ɗalibai ɓera na gane hanya da ido: gwajin faifai mai ramuka 12

Idan baƙo ya sauka a Kejetia ya kira ka yana neman gidanku a Aboabo, ba sunan titi kake ba shi ba. Ce masa kake yi ya hau trotro, in ya hango hasumiyar masallaci ya sauka, ya bar gidan mai a hannun hagu, ya shiga lungu na biyu. Ba ka taɓa ce masa ya lura da pragyar, wato keke mai ƙafa uku na haya, da ke fake a bakin hanya ba, don ka san kafin ya iso ta tashi. Ka zaɓi abin da ba ya motsi, ka bar mai motsi, kuma babu wanda ya zaunar da kai ya koya maka haka.

Ɓera ma haka yake yi. Ni malamin kimiyya ne a JHS, wato ƙaramar sakandare, a nan zangon Kumasi, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne yaranmu suna haddace sassan ƙwaƙwalwa saboda BECE, jarabawar kammala JHS, ba tare da sun taɓa ganin ƙwaƙwalwa tana aiki ba. Gani ya kori ji. Gwajin da zan shimfiɗa a nan wata masaniya Carol Barnes ce ta ƙirƙiro shi a 1979, har yau ana amfani da shi a manyan jami'o'i, amma kafintan unguwa zai iya haɗa kayansa cikin yini guda. Aikin gaba ɗaya yana cin kamar mako 3. Na rubuta ne don 'yan uwana malamai, amma uba ko uwa mai son yi da 'ya'yansa a gida zai iya bi.

Samun ɓerayen

Kada ka kama ɓeran gida ko na gwata ko na kasuwa. Wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne. Fitsarin ɓeran waje yana ɗauke da cututtuka, kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi. A watan Fabrairun 2023 hukumar lafiya ta Ghana ta tabbatar da ɓullarsa a Accra. Ban da cuta, ɓeran daji ba zai bari ka riƙe shi ba, tsoro kawai za ka auna, ba koyo ba.

Abin nema shi ne ɓeran kiwo, wanda aka haifa a keji. Cibiyar Noguchi da ke Legon tana kiwon ɓerayen bincike, sashen harhaɗa magunguna na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ma yana da ɗakin dabbobi. Hedimasta ya rubuta takarda da sunan makaranta a nemi shawararsu, a kuma sa likitan dabbobi ya duba su kafin yara su taɓa. A sanar da iyaye. Ɓera 4 sun isa, jinsi ɗaya, maza zalla ko mata zalla, in ba haka ba bayan mako 3 za ka wayi gari da jarirai cike da keji.

Yawancin waɗanda za ka samu farare ne masu jan ido, irin Sprague-Dawley ko Wistar. In da hali a sami mai baƙin ido, ya fi. Dalili kuwa, ɓera dama can ganinsa dishi-dishi ne: abin da mutum mai lafiyar ido zai tantance daga mita 30, ɓera mai baƙin ido sai ya matso kamar mita 1. Farin mai jan ido kuma rabin wannan yake gani, haske mai ƙarfi na cutar da idonsa. Zai koya, amma sai alamomin sun yi girma, kai kuma ka yi haƙuri.

A ajiye su biyu-biyu, don ɓera ba ya son kaɗaici. A shimfiɗa musu busasshen ɓawon katako na wurin kafinta, wanda ba a fesa wa magani ba, a riƙa sauyawa sau 2 a mako. Ruwa kullum, abinci kullum. Wannan gwajin ba ya bukatar a bar dabba da yunwa, shi ya sa na zaɓe shi a kan sauran. Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, kuma yaran da ke kallonka suna koyon yadda ake riƙon dabba kafin su koyi komai na kimiyya. Abin da ya fi kashe ɓeran keji a garinmu shi ne zafi. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 26, don haka ɗaki mai rufin kwano ba silin ba wurinsu ba ne da rana tsaka. A nemi ɗaki mai iska da inuwa.

Kwana 7 na farko ba a yin komai sai sabo. Kowace rana ka sa hannu a keji su shinshina, sannan ka ɗauki kowanne minti 5, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya yana tallafe da baya. Ba a ɗaga ɓera ta ƙarshen wutsiya, fatar wurin tana iya salubewa. Ka zana wa kowanne layi a gindin wutsiya da maka, layi 1, 2, 3, 4, don a bambance su. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Duk wanda ya tsallake wannan makon zai biya bashinsa daga baya, don ɓeran da ke tsoron hannunka daskarewa zai yi a tsakiyar faifai, ya ƙi motsi.

Abin da za ka gaya wa kafinta

Faifan Barnes na asali faɗinsa santimita 122 ne, da ramuka 18 a kewaye. Abin daɗi, falankin filawud da ake sayarwa a Sokoban ko wajen Anloga ƙafa 4 ne faɗinsa, wato santimita 122 cif. Rabin falanki ya ishe ka. Kafinta ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ɗaura igiya mai tsawon santimita 61, ya zana da'ira ya yanke.

Ni ramuka 12 nake ba da shawara, ba 18 ba. Da 12 faifan ya zama fuskar agogo, kowane yaro ya san inda ƙarfe 2 take da inda ƙarfe 5 take, kuma idan aka zo juya alamomi kwata guda, ramuka 3 ne daidai ba saura. A sake zana da'ira ta ciki da igiya mai santimita 52, a sa alama kowane santimita 27 a kanta, a huda rami mai faɗin santimita 9 zuwa 10 a kowace alama. Dole ramukan su zama iri ɗaya sak. In ɗaya ya ɗan karkace ko bakinsa ya tsage, ɓera zai gane shi da gashin bakinsa. A goge da samfefa, a shafa farin fentin mai sau 2 don kada katako ya sha fitsari, a shanya har warin fenti ya tafi gaba ɗaya.

Faifan zai zauna a kan ganga ko ƙaramin tebur mai tsayin kamar santimita 90, ba tare da an kafe shi ba, don za a riƙa juya shi. Sai akwatin ɓuya: ɗan akwati baƙi ciki da waje, wanda ɓera zai iya juyawa a cikinsa, buɗe ta sama, da ɗan matakala don ya sauka ba da tsalle ba. Shi ma a kan tasa kujerar daban zai zauna, bakinsa ya manne da ƙasan rami ɗaya. A ƙasa a shimfiɗa tsohuwar katifa ko buhuna, a rufe da baƙin yadi, don duk ramin da ɓera ya leƙa ya ga duhu iri ɗaya, in ya zame kuma kada ya ji ciwo.

Hikimar abin ita ce ɓera ba ya son fili mai haske. Halittarsa ce ta gaya masa shaho na sama. Yana fita zai nemi rami, kuma a cikin 12 ɗaya ne kawai ke kaiwa ga mafaka.

Ɗaki da alamomi, inda mafi yawan mutane ke kuskure

Ka kafa sanduna 4 ka kewaye faifan da labule mai kauri, launi ɗaya, ya fi tsayin mutum in zai yiwu, tazarar kamar rabin mita daga bakin faifai. Kowane ɓangare tsawonsa ɗaya da ɗan uwansa. Wannan ba ado ba ne. A 1986 Ken Cheng ya nuna cewa idan aka ruɗa ɓera aka sa shi a akwati mai tsawo ya fi faɗi, yakan bi siffar akwatin ya nemi abinci a kusurwar da ke kallon ta gaskiya, ko da akwai alamun da suka bambanta kusurwoyin. Siffar wuri ita kanta alama ce. In ka bar ɗakin yadda yake, da doguwar bango da gajera, da taga a gabas, ba za ka san da me yake aiki ba.

Alamomi 4, ɗaya a tsakiyar kowane labule, kowace kamar santimita 60 a tsaye da kwance, a kan kwali: baƙar da'ira a kan fari, ratsi-ratsi a tsaye, ratsi-ratsi a kwance, da farin alwatika a kan baƙi. Kowane ratsi ya kai faɗin tafin hannu. Kada ka wahalar da kanka da launuka. Idon ɓera iri biyu kawai na ƙwayoyin launi yake da su, ɗaya na kore-kore, ɗaya na wani haske da ke gaba da shuɗi wanda mu ba ma gani, ja kuwa kusan duhu ne a wurinsa. Yaran za su so su zana tutar Ghana ko Ka'aba da kwalliya. Ka bar su su zana a manna a aji, amma a cikin labule baƙi da fari ne, manya-manya. A rataye su da fil ko maƙalar shanya, yadda za a iya cirewa a mayar cikin minti ɗaya, tsayinsu daidai da saman faifai zuwa sama kaɗan.

Yanzu ka ɗauki alli ka rubuta lambobin agogo a ƙasa, a kan siminti, ba a kan faifai ba. Alamomin suna ƙarfe 12, 3, 6 da 9. Akwatin ɓuya ka sa shi a ƙarfe 2. Na ce 2, ban ce 3 ba, da gangan. In ramin yana gindin alama daidai, ɓera zai koyi abu mai sauƙi, wato nufi da'ira ka shiga, kamar mai bin hasken fitila. Mu kuwa so muke ya koyi dangantaka: ramin yana tsakanin da'ira da ratsi, ya fi kusa da ratsi. Wannan shi ne abin da Edward Tolman na Jami'ar Kalifoniya ya kira taswirar cikin kai a 1948, a lokacin da mafi yawan masana ke cewa ɓera juye-juyen dama da hagu kawai yake haddacewa.

Fitila ɗaya a sama, a tsakiya daidai, mai haske kamar na aji, kada ta wuce haka in fararen ɓeraye ne. A tanadi mai caji saboda ɗauke wuta. Waya a ɗaure ta a sama tana ɗaukar bidiyo, ko a yi ɗan ƙaramin huji a labule a riƙa leƙe. Mutum kada ya tsaya a ciki.

A karon farko da na yi, a nan na faɗi. Labulen na atamfa ne marar kauri, rana tana ratso shi ta gefen taga, kuma yaro ɗaya ne kullum ke tsayawa a kusurwa ɗaya da littafi a hannu. Ɓerayen sun koya da kyau, amma da na juya kwalayen ko kallonsu ba su yi ba. Taga da yaron suka riƙe. Sai da muka sake daga farko da bargo a bayan labule. Ka kula da ƙara ma: in lasifikar masallaci ko injin niƙa na gefe ɗaya kullum, kunne zai ba shi alƙibla. Ƙaramar rediyo a ƙarƙashin tsakiyar faifai, a tashar da babu magana sai shuuu, tana rufe wannan.

Ranar gabatarwa

Rana ɗaya ce kuma gajeriya. Ka sa ɓera cikin akwatin ɓuya da ɗan ɓawon katakon kejinsa, minti 2. Ka fito da shi ka ajiye kusa da ramin ƙarfe 2, ka lallaɓa shi da hannu har ya shiga da kansa, ka bar shi minti 1. Shi ke nan. Ya san akwai mafaka, bai san inda take a taswira ba tukuna.

Kwanakin koyo

Kwana 5 zuwa 7, sau 3 a rana ga kowane ɓera, da hutun minti 15 tsakani. Lokaci ɗaya kullum. Bayan la'asar ya fi, gari ya yi sanyi, su kuma dabbobin dare ne, sun fara wartsakewa.

Ka ɗauko ɓera a cikin bokiti mai duhu da murfi, ka shiga labule ta ɓangare daban kowane karo, ka ajiye shi a tsakiyar faifai ka kife shi da wani bokitin da aka ɗaura wa igiya ta kan katakon rufi. Ka fita. Bayan daƙiƙa 15 a ja igiya, a danna agogon waya. Amfanin kifewar shi ne kada ya fara yana fuskantar gefe ɗaya kullum. A 1996 Mark Packard da James McGaugh sun horar da ɓeraye a hanya mai siffar gicciye daga mafari ɗaya. Da aka sauya mafarin a rana ta 8, yawancinsu suka nufi wurin abincin. A rana ta 16 kuwa, juyin da jiki ya saba suka yi, suka ɓace. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a ƙwaƙwalwa ma sashen sabo daban yake da sashen taswira. Amma kada ka juya bokitin kamar lilo don ka ruɗa shi. An gano cewa ɓeran da ake jujjuyawa kullum kafin gwaji yana rage amincewa da alamomin bango, don a ganinsa su ne ke yawo.

Ana ba shi minti 3. In ya shiga akwati, a tsayar da agogo, a bar shi minti 1 a ciki, a mayar da shi keji a cikin akwatin. In bai samu ba, ka lallaɓa shi zuwa ramin a hankali, a rubuta daƙiƙa 180.

Tsakanin kowane gwaji da na gaba akwai aiki biyu da ba a yafewa. A goge faifan da akwatin da sifirit a bar su su bushe. Sannan a ɗaga faifan a juya shi, rami 2 ko 5 ko 7, ba tsari, akwati kuwa yana nan a ƙarfe 2 na ƙasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: shi hancinsa ya fi idonsa nesa ba kusa ba, yana barin wari a sawunsa, in ka bar masa wannan hanyar ba zai ɗaga kai ya kalli kwalinka ba. Juya faifai yana mayar da warin maƙaryaci. Yau ya kai shi ƙarfe 7, gobe ƙarfe 11, alamomin bango kuwa ba su taɓa yi masa ƙarya ba. A nan koyon yake faruwa.

Yara 3 ke rubutu. Na farko lokaci. Na biyu kurakurai, wato sau nawa ya tura hanci cikin ramin da ba shi ba kafin ya fara isa na gaskiya. Na uku, wanda na fi ba wa muhimmanci, yana zana hanyar da ɓeran ya bi a kan da'irar da aka riga aka zana a takarda. Lokaci yana yaudara. Wani ɓeran ya san ramin sarai, ya je ya leƙa, ya ga ba abin tsoro, ya ci gaba da yawonsa. Zanen hanya ba ya ɓoye wannan.

Za ku ga salo 3 suna bin juna. Da farko kame-kame: ya je nan, ya ratsa tsakiya, ya koma can, ya tsaya ya yi kashi, ya wanke fuska. Daga nan sai bi-da-bi: ya nufi baki ko ta ina, ya riƙa leƙa ramuka ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa kan nasa. Wannan dabara ce mai aiki, lokaci zai ragu sosai, yara za su yi murna, amma ba taswira ba ce, kamar mai neman gida ne yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a layi. Salo na uku shi muke jira. Bokiti zai tashi, ɓera ya ɗan tsaya, wani lokacin ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya juya kai, farin ma har yakan riƙa kaɗa kai gefe da gefe don ya auna nisa, sannan ya miƙe kai tsaye ko ya kuskure da rami ɗaya. Ranar da yarana suka fara ganin wannan tsayuwar, ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ce a hankali, "Malam, dubawa yake yi." Dubawa yake yi kuwa.

Ba duka ne za su kai nan ba. Wani zai tsaya a bi-da-bi har ƙarshe. A rubuta shi yadda yake, kada a gyara.

Ranar cire akwati

Idan ɓera ya yi kwana 2 a jere kurakuransa ba su wuce 2 ko 3 ba, washegari ka cire akwatin gaba ɗaya, ka goge, ka juya faifai, ka sake shi na daƙiƙa 90. A ƙirga leƙen kowane rami. Wanda ya koyi wuri zai yi ta komawa ƙarfe 2 da maƙwabtanta, 1 da 3, ya leƙa, ya ja baya, ya sake leƙawa. Babu akwati, babu warinsa, abin da ya rage masa shi ne abin da ke cikin kansa. Bayan haka ka mayar da akwati ka ba shi gwaji 2 na yau da kullum, don kada ya yanke ƙauna da wurin.

Ranar juya alamomi

Wannan ita ce ranar da aka yi duk wahalar dominta. Kafin a shigo da ɓera, ka matsar da kowace alama kwata guda ta yadda hannun agogo ke tafiya: ta 12 ta koma 3, ta 3 ta koma 6, haka har su zagayo. Ba akwati. Kafin a ja igiya, kowane yaro ya rubuta hasashensa a takarda ya ninke. In da alamomin yake aiki, a ƙarfe 5 zai nema. In ya koma ƙarfe 2, akwai abin da ke ɗakin da ya fi kwalayenka ƙarfi a wurinsa, sai ku zauna ku nemo shi, kuma wannan neman shi ma darasi ne cikakke.

Abin da ke faruwa a cikin kan ɓeran a wannan lokacin an gan shi da na'ura. A 1971 a Landan, John O'Keefe da Jonathan Dostrovsky sun gano ƙwayoyi a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfos, kowace ba ta tashi aiki sai ɓera ya isa wani wuri takamaimai. Mu kira su ƙwayoyin wuri. A 1984 James Ranck ya gano wasu da ke aiki gwargwadon inda kai ya fuskanta, ƙwayoyin alƙibla ke nan. A 1987 Robert Muller da John Kubie suka sa ɓera a ganga mai farin kwali ɗaya a bango, suka juya kwalin, sai wuraren da ƙwayoyin ke aiki suka juya tare da shi daidai gwargwado. Taswirar duka ta bi kwalin. A 2005 a Trondheim na Norway, May-Britt Moser da Edvard Moser da ɗalibansu suka gano ƙwayoyin raga, masu auna tazara kamar ragar kamun kifi da aka shimfiɗa a kan fili. O'Keefe da su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Gwajin kwalin Muller da Kubie shi ne yaranka ke maimaitawa, sai dai su ƙafafun ɓeran suke karantawa maimakon waya a ƙwaƙwalwa.

In lokaci ya rage

Bayan kwana 2 na koyo da alamomi a mazauninsu na asali, ka cire ɗaya kawai. Galibi ba zai ruɗe ba, kamar yadda ba ka ɓata a Asawase don an rushe shago ɗaya. Wata rana kuma ka bar duka 4 amma ka musanya biyu da ke maƙwabtaka. Wannan ya fi cirewa ruɗa shi, don alamomin suna nan amma dangantakarsu ta lalace.

Wanda na fi so shi ne na kwalba. Ka ɗauki ɓera biyu sababbi, ko ka sauya wa tsofaffin rami, ka ajiye doguwar baƙar kwalba a kan faifai, kowane gwaji a wuri daban ba ruwanta da akwati. Kwanakin farko zai je ya shinshine ta, daga baya ya daina kula ta. Robert Biegler da Richard Morris sun nuna a 1993 cewa ɓera bai cika gina taswira a kan alamar da ke yawo ba, sai wadda ta zauna wuri ɗaya. Pragyar bakin hanya ke nan da hasumiyar masallaci.

Wani mai shago a Alabar ya tambaye ni ko wannan zai taimaka masa da ɓerayen sito. Kaɗan. Na sito da dare yake fita, ya fi dogara da gashin baki da hanci da jikin bango, kuma yana gudun duk sabon abu a hanyar da ya sani. Shi ya sa tarko a gindin bango ake sa shi, a bar shi kwana 2 ko 3 da abinci ba a ɗana ba, sai ya saba.

Barnes ba don yara ta ƙera faifanta ba. Tsufa take nazari, ta kuma ga tsofaffin ɓeraye sun fi jinkirin koyon ramin, sun fi saurin mantawa. A mutum ma, yankin da ƙwayoyin raga suke yana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara ci, shi ya sa ɓata hanya ke cikin alamunta na farko. Ina gaya wa ɗalibaina wannan a fili, don a ƙasar nan tsohuwar da aka tsinta da asuba tana yawo ba ta san gidansu ba, wani lokacin maita ake jefa mata. Yaron da ya ga ɓera ya tsaya yana neman ramin da ya sani a wurin da ba shi ba, zai fi saurin kama hannun kakar ya kai ta gida, ya gaya wa 'ya'yanta su kai ta asibiti.

Ɓeran keji yana rayuwa shekara 2 zuwa 3, don haka tun kafin a karɓo su a san wanda zai riƙe su lokacin hutu, kuma ba a sakin su a unguwa. Ka adana kwalayen da littafin rubutu, ka ɗauki hoton yadda aka rataye kowace alama. Bayan wata ɗaya ba tare da sun hau faifai ba, ka mayar da komai mazauninsa, akwati a ƙarfe 2, ka sa yaran su ƙirga kurakuran gwajin farko su gwada da na ranar farko ta koyo. In ɓerayen sun kai zangon karatu na shekara mai zuwa, ajin da ke tafe su koya musu sabon rami a ƙarfe 8, su rubuta kwana nawa ya ɗauke su, a ajiye lambobin gefe da gefe da na bana.